Tafiyarmu bayan Tambuwal, da tambayoyin da Baffa ya yi wa harsashin Amurka

Baffa wan babanmu ne, kuma shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin gidanmu da sunka yi sana'ar harbi, yana zaune wani ƙauye can bayan Tambuwal inda kwalta ta ƙare. Da Yaya ya zo hutu daga Amurka cikin hunturun da ya wuce Hajiya ta ce ko wa zai bari bai gaida ba to ban da Baffa, don tsufa ya kama shi sosai. Ni anka ɗora wa tuƙi, saboda Yaya tun da ya zauna Minnesota ya daina iya shiga tsakanin 'yan kabu-kabun Sakkwato, in ya riƙe sitiyari tun shataletalen farko za ka ji yana salati.

Mun fita bayan asuba hazo ya rufe ko'ina, munka wuce mashigar filin jirgi munka bi ta wajajen Bodinga da Sifawa inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815, hanya ba laifi sai dai shingayen jami'an tsaro da manyan motocin albasa da ba su san wani abu wai shi hannunka ba. A Shagari munka tsaya wajen mai shayi, kuma nan ne zancen ya ɓalle, don ina duba hotuna cikin wayar Yaya sai na ci karo da shi durƙushe cikin ƙanƙara da riga ruwan lemo mai ƙyalli, ga wata ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe kwance gabanshi. Na ce Yaya kai da ko kaza ba ka iya yankawa a gida? Ya yi dariya ya ce abokan aikinshi na asibiti sunka ja shi, arewacin jihar suke zuwa cikin Nuwamba lokacin da ake buɗe farautar barewa da bindiga, sai ka sayi lasisi, rigar nan mai ƙyalli dole ce don kada wani ya ɗauke ka dabba, in ka kashe kuma sai ka yi wa dabbar rajista da hukuma. Barewar tasu mai farar wutsiya babban namiji yana iya kai kilo 90 ko fi, tamu ta nan da ƙyar take wuce kilo 30.

Hoto na gaba shi ne ya fi ɗaure min kai. Wasu 'yan ƙarafuna guda biyu bisa ƙaramin sikeli, ɗaya ya baje kai ya yi faɗi amma yana nan dunƙule, ɗayan kuma ɓawo ne kawai fanko da 'yan ɓarɓashi gefe. Ya ce duka biyun harsasai ne da anka ciro daga jikin dabba, kuma in na bari mu isa zai yi bayanin sau ɗaya gaban Baffa, amma ina, Yaya ba ya iya riƙe zance, tun kafin Dogon Daji ya gama zazzage min rabi.

Abin da na fahimta shi ne harsashin raifil na farauta abu biyu ne haɗe, ciki dalma, waje riga ta jan ƙarfe da anka gauraya da 'yar tutiya kaɗan. Dalma don nauyi da laushi, rigar kuma don ta jure gudun cikin bututu. Irin na da, wanda har gobe shi ya fi yawa ya fi arha, matsa dalmar kawai ake yi cikin rigar, kamar gyaɗa cikin ɓawonta, suna tare amma ba su manne ba. To bindigar Yaya .308 ce, lambar faɗin harsashinta ke nan, harsashi mai nauyin giren 150 wato giram 10 ba kaɗan, yana fita da gudun sama da mita 850 cikin daƙiƙa ɗaya, in abu mai wannan gudun ya daki ƙashin kafaɗa daga kusa sai rigar ta tsage ta tsaya, dalmar ta fice ta wargaje, rauni ya yi faɗi a sama amma bai kai huhu da zuciya ba. Wanda su can suke ce wa bondid, ni dai liƙaƙƙe nake ce mishi, ana sa sinadarin da masu liƙa ƙarfe ke shafawa cikin rigar a zura dalma a gasa har ta narke ta kama bangon jan ƙarfen, dalma tana narkewa a digiri 327 jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000 don haka rigar ba ta komi. Wasu kamfanonin kuma ta hanyar lantarki suke bi, su yi ta ɗora jan ƙarfe bisa dalmar kaɗan-kaɗan har ya zama riga, haka Federal ke yin nasu mai suna Fusion. Ko ta wace hanya anka bi, in ya daki dabba kan zai buɗe ya baje amma dalma ba ta rabuwa da rigarta.

A Tambuwal munka sha mai munka sayi goro da sukari, daga nan munka sauka hanyar burji. Abin da na lura da shi, kuma ya dame ni, tun daga kwalta har ƙofar gidan Baffa ban ga wani abu da za a kira daji ba, gonaki ne sun haɗe da gonaki, kara a tsaye, sai sabara da 'yan gawo jefi-jefi. Nan ne fa wurin da babanmu ke cewa suna yara ba a bari a tafi itace mutum ɗaya.

Mun iske Baffa zaure bisa buzu yana shan hantsi daga ƙofa. Anka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani Yaya wai ya yi fari ya yi tumbi, anka kawo fura da nono. Ni na kasa haƙuri na ce Baffa ɗanka fa ya gaje ka, na miƙa mishi wayar. Ya nisanta ta da idonshi ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Wagga ba barewa ba ce, wagga maraƙi ta. Da mi kah harbe ta?"

Kafin Yaya ya amsa sai da Baffa ya aiki jikanshi ya ɗauko adakarshi daga ɗaki, ina jin don kada a yi zancen bindiga tashi ba ta wurin. Doguwa ce, kotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu, an ɗaure bututun da zoben tagulla wuri uku, ga layu biyu ɗinke cikin jar fata rataye kusa da kunama. Cikin burgamin akwai ƙahon albarushi da tsumman dannawa da wani gwangwanin madara cike da tarkace, ƙwallayen boris na keke, guntayen rodi, da 'yan dunƙulen dalma masu toka-toka da ba su yi zagaye sosai ba. Lasisinta ma yana ciki naɗe cikin leda, takardar ta yi laushi don tsufa. Ya ce boris na zabi da zomo ne, dalma ta manya ce, rodi kuwa sai in babu.

Yaya ya share ƙasa da tafin hannu ya zana harsashi da tsinke, ya maimaita bayanin da ya yi min a mota. Baffa bai katse shi ba har ya gama, sannan ya ce shi tambaya ukku gare shi, in dabba ta ɗauka taku nawa take yi kafin ta faɗi, tana zubar da jinin da za a bi ko ba ta yi, kuma nama nawa ke lalacewa. Ni a raina na ce to ga wanda ya san aikin, don duk dogon Turancin kamfanoni bai wuce waɗannan ukkun ba.

Yaya ya ce ta fannin jini liƙaƙƙe ya fi, saboda yana riƙe nauyinshi. Na gargajiya yana iya zubar da rabin nauyinshi cikin dabba ko fiye, shi kuwa wanga ya danganta da ƙirar, AccuBond na kamfanin Nosler an yi shi ya riƙe wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, InterBond na Hornady wajen kashi 90, A-Frame na Swift har ya fi haka. Abin da ya riƙe nauyi shi ke ci gaba da tafiya miƙe, ya fasa ƙashi ya ratsa huhu biyu ya fita ta ɗaya gefen, ramin fita kuwa shi ke zubar da jini ƙasa, ramin shiga ƙarami ne fata na iya rufe shi. Wanda na gani dunƙule bisa sikeli nashi ne, barewar ta juyo tana fuskantarshi a karkace, ya shiga ta gaban kafaɗa ya bi tsawon jiki anka same shi ƙarƙashin fata wajen cinyar ɗaya gefen, ya ninka faɗinshi kusan sau biyu. Fankon kuwa na wani abokinshi ne mai bindiga magnam, irin mai gudun harsashi sosai, daga kusa ya harba ya samu kafaɗa, sai da sunka wuni suna bin dabbar.

Nan Baffa ya gyara zama. Ya ce yana saurayi, lokacin suna gangarawa dazukan kudu wajajen Zuru da rani, ya taɓa samun gwanki namiji bakin ruwa, kusa ƙwarai har yana jin numfashinshi, ya danna mishi dalma a kafaɗa. Gwankin ya durƙusa ya miƙe ya shige. Sunka bi sawu har duhu, jini ɗigo nan ɗigo can daga baya ya ɗauke, sai bayan kwanaki ungulaye sunka nuna musu wurin, ya zama mushe kuraye sun ci rabi. Da ya duba kafaɗar sai ga dalmarshi ta lanƙwashe ta manne jikin ƙashi ba ta shiga ko'ina ba. Ya ce har yau abin na ci mishi rai, ba don naman ba, don wahalar da ya ba dabbar a banza.

Yaya ya ce ai Baffa abin da ya same ka shi ya samu mutumin da ya kafa kamfanin Nosler ɗin. John Nosler a 1946 ya je farauta British Columbia ta ƙasar Kanada, ya harbi mus, wani ƙaton dangin barewa da ya fi doki tsawo, jikinshi duk busasshen taɓo, da bindiga .300 H&H, harsasan sunka riƙa fashewa a sama ba su shiga. Ya koma gida ya ƙera wanda ke da bango a tsakiya, dalmar gaba ta baje ta baya ta tsaya ta ci gaba da turawa, ya sa mishi suna Partition ya fara sayarwa a 1948. Shi wancan ba liƙaƙƙe ba ne, bango ne ke riƙe shi, liƙawar sai daga baya wani Bill Steigers a jihar Idaho ya fara ta cikin shekarun 1960 da hannu kaɗan-kaɗan, sannan Jack Carter ya fito da Trophy Bonded Bear Claw cikin shekarun 1980, manyan kamfanoni kuwa sai bayan shekarar 2000 sunka cika kasuwa da shi har talaka ya iya saye. Baffa ya saurara tsaf ya ce, "Awo. Shi ya koma gida yay yi kamfani, ni na komo gida nis sha faɗan tsohona." Dariya har da jikokin da ke laɓe bakin ƙofa.

Tambayar taku nawa ita ce Yaya ya ɗan yi jim kafin ya amsa, kuma na ji daɗi da bai yi wa tsohon ƙarya ba. Ya ce in barewa ta ba ka gefe sosai ka samu bayan kafaɗa inda haƙarƙari ne kawai, sau da yawa harsashi mai laushi na gargajiya ya fi saurin kayar da ita, don yana wargajewa cikin huhu ya yi ɓarna mai faɗi nan take. Liƙaƙƙe mai tauri yana iya ratsawa ya fice da sauran ƙarfinshi, dabbar ta mutu tabbas amma sai ta ɗan ruga tukuna. Haka in nisa ya yi yawa gudu ya ragu, galibinsu suna son wajen mita 550 cikin daƙiƙa kafin su buɗe yadda ya kamata, ƙasa da haka sai ya huda kawai ya wuce, shi ya sa ake sa wa wasu ɗan tsinin roba a kai don ya taimaka wajen buɗewa ya kuma rage jan iska. Baffa ya ce to wannan magana ce, don shi maharbi yana bisimilla kafin ya saki, amma burinshi ya iske dabba da sauran rai ya sa mata wuƙa, wadda ta ruga cikin duhuwa kuwa ko ka same ta ko kura ta riga ka. Yaya ya ce shi ma da wuƙarshi yake hawa, abokanshi har sun saba ganinshi yana saukowa daga bisa itace da gudu.

Ni dai abin da na tsinta daga muhawarar tasu, kuma ra'ayina ne ba na kowa ba, liƙaƙƙen harsashi ba don kyakkyawan harbi anka yi shi ba, an yi shi ne don ranar da abu ya karkace, dabba ta juya lokacin da ka taɓa kunama, ko ƙashi ya shiga tsakani, ko bindigar mai gudu ce sosai dabbar kuma ta fito kusa. Ga barewar Amurka ƙari ne mai kyau amma ba dole ba, shekara da shekaru Core-Lokt na Remington da ya fito tun 1939 yana cika firiza ba tare da wata liƙawa ba. Ga barewarmu ta kilo 30 ko gada kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai, don kwalinshi ya fi na gargajiya tsada sosai. Inda ba a wasa da shi shi ne manyan dawa, gwanki mai kusan kilo 300, ko ɓauna da ke haura rabin tan ga fata mai kauri ga haƙarƙari masu faɗi da sunka kusa rufe juna. Masu zuwa farautar kuɗi Tanzaniya da Zimbabuwe, ko nan kusa arewacin Kamaru wajajen Garwa inda har yanzu akwai yankunan farauta masu lasisi, mafi yawa .375 H&H suke ɗauka ko abin da ya fi ta, bindigar da ta fito tun 1912, da harsashi giren 300 irin su A-Frame ko Woodleigh na Ostireliya ko Oryx na kamfanin Norma na Suwidin. Da Baffa ya ji ɓauna sai ya ɗaga riga ya nuna mana wani tsohon tabo gefen cikinshi bai ce komi ba, mu ma ba mu tambaya ba don labarin duk gidanmu an san shi.

Bayan azahar anka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, muna ci ne Yaya ya ɗauki ɗaya daga dunƙulen dalmar nan yana juyawa ya ce Baffa ina kake samun wannan. Ya ce tsohon batirin mota, a fasa a ciro a narka cikin gwangwani nan tsakar gida bisa murhu, yara ma ke hura mishi wuta da can. Na ga fuskar Yaya ta canza, aikin asibitinshi ya motsa. Ya tuna mishi abin da ya faru Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da Bagega, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara wajen 400, ya ce gubar ɗaya ce, hayaƙinta da ƙurarta yaro ƙarami suke fara kamawa su taɓa mishi ƙwaƙwalwa. Baffa ya ce shi ai ya daina, ido ba ya gani dawa kuma ba ta shiguwa saboda ɓarayin daji, amma samarin garin da ke sintiri suna yi. Yaya ya roƙe shi ya yi musu magana ko da dai su fita bayan gari su nisanta da mata da yara, kuma kada gwangwanin ya koma kusa da tukunya.

Sai Baffa ya juyo da tambayar kanshi, ita ce ta ukku da ba a amsa ba, ya ce to kai naka da ka ce yana zubar da kashi kaza, ina kashin ke zuwa in ba cikin naman da ɗiyanka ke ci ba? Yaya ya ce gaskiya ne. A jiharsu ma hukumar kula da daji ta yi gwaji a 2008, sunka harbi gawarwakin tumaki da harsasai iri-iri sunka ɗauki hoton eksire, anka ga ɓarɓashin dalma ƙanana da ido ba ya gani sun watsu fiye da santimita 30 daga ramin, kuma liƙaƙƙe mai dalma a baki shi ma ya zubar da nashi, wanda ya fita kusan tsaf shi ne na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes da ya fara fitowa a 1989. Kalifoniya ma tun Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya. Ta fannin ɓarnar nama da ido ke gani dai liƙaƙƙe ya fi na gargajiya sauƙi, ba ya dagargaza kafaɗa ya mai da ita jini-jini, amma Yaya ya ce duk da haka yana yanke wajen ramin da faɗi ya zubar, kuma ba ya niƙa naman wurin. Baffa abin da ya tsaya mishi a rai daban ne, ya ce tumaki nawa sunka ɓata haka, kuma an yanka su kafin ko ba a yanka ba.

La'asar sakaliya munka yi sallama don ba a son dare a hanyar burjin nan yanzu, Baffa ya sa anka zuba mana gero da zabi biyu a but, ya kuma ce wa Yaya in zai komo ya zo mishi da tocila mai ɗaurawa a goshi irin wadda ya gani cikin hoton, harsashi kuwa ya bar musu abinsu. A hanya Yaya ya yi ta lissafi da baki, wai kwalin da ya rage mishi zai ƙarar da shi wajen gwajin saiti, baɗi ya koma na jan ƙarfe zalla mai ɗan sauƙin nauyi don ya samu gudun da zai buɗe shi, amma in Allah ya sa sun samu takardar farautar manyan dawa a Kolorado da abokanshi ke ta nema to AccuBond giren 165 zai ɗauka. Na ce duk ya yi, ni dai ya taya ni duba ramuka, don daga Shagari zuwa Bodinga fitila ɗaya ce ke aiki a motar kuma tireloli sun fara fitowa.